Fijon da ta Karkata Hagu

Shekarun da Nasidi ya yi a Fatakwal yana gyaran ƙafar mota, Talata Mafara ba ta jira shi ba. An sare durumin ƙofar gida. Ɗakinsa, wasu da suka gudo daga Gidan Goga ne a ciki. Ƙanwarsa Hindatu, da ya bari da goyon kara, ta zama budurwa. Babansu Mas'ud kuwa ƙasa ta rufe masa ido. Abin da bai gusa ba sai tsohuwar Fijon marigayin, tana bayan rumbu, ta karkata hagu kamar mai sauraron wani abu a ƙasa.

Nasidi bai iya zama ba, dama bai taɓa iyawa ba. Wata la'asar ya kafa mata jak, ya cire tayar gaba. Shokozoba ta bushe, robobi sun ruɓe. Amma kogon da ke saman tayar fes yake kamar an share, babu yana, babu ƙura, ga wani ɗumi irin na shimfiɗar da aka tashi yanzu.

"Nasidi, magariba ta yi, aje ƙarhen nan," in ji mahaifiyarsu, Inna Taibatu.

"Noti guda ya rage, Inna."

Notin na kwancewa, kaji suka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo a kan kwano, wata ta biyo. Sai ga Hindatu tsaye a kansa, tulu a hannu, idonta ba nata ba. Muryar tsohuwa ta fito daga bakinta: "Wa ya yaye min ɗaki?"

Daga ranar, duk faɗuwar rana sai jifa, sai Hindatu ta rarrafa ƙarƙashin mota tana kuka. Ta daina ci. Nasidi ya sayo sababbin kaya, ya shafe su da giris, ya mayar da komai, ya ɗaure. Da ya sauke jak motar ta tsaya cak. Can sai ƙarfe ya yi ƙara, hagu ta nutse a hankali, kamar wani ya zauna.

Aka ɗauko Malam Gidaɗo, mai ruƙiyya daga Bakura. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai.

"Ke wace ce? Mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

"Tsamiya gare ni a dajin Maradun. Masu bindiga sunka yi sansani ƙarƙashinta. Malam, abin da na gani nan, ko mu ba mu yin shi. Ran da Mas'ud ya kwaso masu gudu a motar nan, ya tsaya bakin hanya ya ce duk mai tsoro shi hau. Na hau. Bai taɓa cewa in sauka ba."

"To ki koma tsamiyarki."

"Kai za ka iya komawa can?"

Masu hijirar da ke leƙe daga ƙofa suka sunkuyar da kai.

"Ɗan Mas'ud ya ɓata min wuri da mai mai wari," in ji muryar. "Ni saki ɗiyar. Amma a kai ni inda ba a jin bindiga. Wanda ya kwance min ɗaki, shi za ya tuƙa, kuma ba shi juyowa sai na ce ga wuri."

"In ba ki ce ba fa?" in ji Malam.

Ta yi dariya.

Nasidi ya dubi wuyan ƙanwarsa, ya koma kamar sillen kara. "Na yarda," ya ce.

Hindatu ta yi atishawa, ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, yunwa nika ji."

Da hantsi Nasidi yana cusa riguna a jaka. Duk tafiyarsa ta baya, Inna sai ta tambayi ranar dawowa. Wannan karon ƙullin ƙuli-ƙuli ta miƙa masa, sannan ta koma ɗaki ta ƙullo na biyu.