Wanda Ya Riga Shi Amsawa

Ku matso kusa. Ke Ladidi, ajiye wayar nan, wannan ba labarin dariya ba ne.

Kun san Tanimu na gidan Baba Sallau, mai gyaran kwamfuta a Funtuwa? Kun lura ba mai kiran sunansa a gidan? To, ku ji dalili.

Shekara uku ke nan aka ɗauke shi aiki a wata cibiyar jarrabawa. Wani dare, ɗalibai ɗari biyu za su zauna jarrabawa da safe, kuma sai an sa sabuwar manhaja a babbar kwamfutar cibiyar. Mai wurin ya ce masa in ba ta tashi ba, ya nemi wani aikin. Ya miƙa masa mukulli, ya wuce gida.

Tanimu ya kulle ƙofa. Ya sa manhajar, ya rubuta sunanta don ta tashi. Sai tsohuwar manhaja ta amsa, ta shekara takwas baya. Ya cire, ya sake sawa. Tsohuwar dai.

Ita kwamfuta, in ka kira abu da suna, tana da jerin ɗakunan ajiya a cikinta da take leƙawa bi da bi. Wanda ta fara tararwa mai wannan suna, shi ke amsawa. Tanimu ya buɗe jerin. Can sama, gaba da kowa, ga wani ɗaki da bai sani ba. Sunan da ke kan ɗakin, Gwadabe.

"Wannan nawa ne."

Ya waiwaya. Wani siririn mutum mai tabarau na zaune a kujerar ƙarshe.

"Malam, ta ina ka shigo?"

"Ni na haɗa wurin nan."

Sai da maganar ta ƙare, sannan leɓɓansa suka motsa. Muryar ce ke riga bakin.

"Sauke ni ƙasan jerin," in ji mutumin. "Taka za ta tashi. Amma kada ka goge ni. Nan kaɗai ake kirana."

Duk mai wannan sana'a ya san haka ake yi. Abin da ba kai ka ajiye ba, ba ka goge shi, ƙasa kake mayar da shi. Amma kun san Tanimu da garaje, ga tsoro ya cika shi. Ya ce a ransa in ya goge, mutumin zai ɓace. Ya danna.

Kujera wayam. Manhaja ta tashi lafiya lau.

Da safe aka yi jarrabawa, mai wurin har da yi masa godiya. Ya tambayi maigadi wane ne Gwadabe. Tsohon ya ce, "Mai gyaranmu na farko. Allah ya jiƙansa. Ba shi da kowa a garin nan."

Da la'asar Tanimu ya koma gida. Ina nan, wallahi, ina shan fura a tsakar gidan. Inna Kande, mahaifiyarsa, ta ji motsin babur ɗinsa, ta ɗaga murya.

"Tanimu!"

"Na'am, Inna."

Daga cikin ɗakinsa amsar ta fito. Shi kuwa yana bakin zaure, bai ko buɗe baki ba.

Har yau haka ne. Duk wanda ya kira shi, wancan da ya goge ke riga shi amsawa. Tausayinsa nake ji, ya rame ƙwarai. Innarsa ma sai dai ta taɓa kafaɗarsa.

Don haka kada ɗayanku ya kwana shi kaɗai kan aikin da wani ya bari. In kuma kun wuce ƙofar gidan Baba Sallau, ku yi sallama kawai. Kada ku kira suna.