Saiwar da Ta Tsaga Katangar Baba Rwang

"Ajiye zarton nan, Lukuman!"

Kausar ta fito daga ɗaki a fusace, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta jingina bayanta da bishiyar da ke tsakar gidansu, ta buɗe hannuwa.

Lukuman ya tsaya, zarto a hannu, igiya a kafaɗa, kansa a ƙasa.

"Kausar, ki yi haƙuri..."

"Kada ka ba ni haƙuri! Kullum haƙuri! Kai ba ka da wata kalma a bakinka ne?"

"Abba ne ya ce..."

"Abba ya ce ka sare, sai ka zo da gudu! Da hannunka ka dasa mini ita, Lukuman!"

Gaskiyarta ne. Lukuman dashen itatuwa da furanni yake sayarwa a bakin Titin Bauchi, can suka haɗu shekarun baya. Farkon kyautar da ya yi mata shi ne wannan dashe, ɗan siriri a cikin baƙar leda. Ogansa ya gaya masa sunanta silba mafil, bishiyar ƙasashen sanyi ce, a nan ma sanyin Jos ne ya sa take iya zama. Ganyenta kamar tafin hannu mai yatsu biyar, gabansa kore, bayansa fari. In iska ta taso sai ganyen su juya gaba ɗaya, bishiyar ta koma kamar an watsa mata azurfa.

Ya dasa ta kusa da tagar Kausar don ta riƙa gani. Lokacin sabon shiga ne a sana'ar, bai san halinta ba. Ashe saurin girma gare ta, ga son ruwa. Saiwarta ba ta nutsewa ƙasa sosai, gefe take bi tana farautar danshi. Haka ta ratsa ƙarƙashin katanga ta nufi famfon maƙwabcinsu Baba Rwang, ta ɗaga siminti, ta tsaga katangar tun daga tushe har sama.

Alhaji Salim, mahaifin Kausar, tun yana saurayi yake maƙwabtaka da Baba Rwang, ko a lokutan da gari ya rikice ba su taɓa sa-in-sa ba. Da ya ga tsagar sai ransa ya ɓaci, ya ce a dakatar da zuwan magabatan Lukuman neman aure da aka shirya.

Ga kuma Jabir mai gidan bulo, tsohon manemin Kausar da ta daɗe da sallama. Tun ranar ya tare a gidan.

Yanzu ma su biyun ne suka shigo, Jabir riƙe da kujerar Alhaji.

"Me nake gani haka?" in ji Alhaji. "Ke, matsa daga nan!"

"Abba, don Allah..."

"Na ce ki matsa! Wanda bai san inda zai ajiye itace ba, shi zai san inda zai ajiye mace?"

Jabir ya yi murmushi. "Alhaji, ai ni na ce bulo da siminti duk a wuyana. Ɗan lambu ya cire abinsa kawai, kafin ya haɗa ka faɗa da maƙwabta. Wa ya sani ma ko da gangan ne..."

Kausar ta juya ta zuba wa Lukuman ido.

"Ka ji abin da ya ce? Yi magana mana!"

"Laifina ne, Abba," in ji Lukuman a hankali. "Ni na dasa, ni zan cire. Katangar ma ni zan gyara."

"Wayyo Allah!" Ta buga ƙafa a ƙasa, hawaye suka zubo. "Ana zaginka kana sunkuyar da kai! Bishiyar za ka bari, ni ma haka za ka bar ni ranar da aka ce ka bari!"

Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Ita zan iya bari, sanyin idona. Don kar na bar ki na zo."

Ta matsa, ba don ta huce ba. Ta koma bakin ƙofar ɗaki ta harɗe hannuwa tana huci.

Tsakar gidan ba faɗi, ba a iya kayar da bishiyar gaba ɗaya, sai dai a bi ta reshe-reshe daga sama. Lukuman ya cire takalmi ya kama hawa.

Kausar ta bi shi da ido. Kowace damina tana tsintar rassan da iska ta karya, ta san gautsin itacen nan.

"Kada ka taka wancan!" ta faɗa da ƙarfi. "Ba don na damu da kai ba ne, ka ji!"

Ya sare na farko, ya zuro shi da igiya. Ya sare na biyu. Sauran babban, wanda ya miƙa kan kwanon Baba Rwang. Ya ɗaure shi, ya matsa don ya kai zarto.

Ƙas!

Reshen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya ɓalle.

Ƙarar faɗuwarsa ta sa tantabaru suka watse daga kan rufi.

"Lukuman!!"

Ta isa kansa kafin kowa. Hannunsa na hagu ya lanƙwashe inda hannu ba ya lanƙwashewa. Yana cije leɓe, gumi na zuba.

"Kwanon... bai taɓa kwanon Baba ba ko?"

"Rufe mini baki! Kwano kake tambaya?"

"Ai na faɗa," in ji Jabir daga inda yake tsaye, hannu a aljihu. "Aikin da bai iya ba..."

Kausar ta miƙe. Ta nuna wa Jabir ƙofa.

"Fita daga gidan nan! Mutum na kwance a ƙasa kana lissafin bulo! Wallahi ko maza sun ƙare, sai dai na tsufa a ɗakin Umma!"

Ta juya wajen mahaifinta.

"Abba, ka gafarce ni. Amma katanga ce fa ta tsage. Katanga ce!"

Hankalin Alhaji na kan Lukuman. Ya riga ya durƙusa yana tallafe kan yaron. Baba Rwang, da ya jiyo ihun, ya shigo da ɗan tawul a wuya, ya ƙwala wa mai keke napep kira daga bakin layi. Tsofaffin biyu ne suka ɗauke shi zuwa gidan mai ɗori a Tina Junction. Jabir ya sulale, babu wanda ya lura.

Da la'asar Lukuman na zaune kan tabarma a gidan mai ɗori, hannu a ɗaure da karare. Kausar ta dire kwanon faten dankali a gabansa.

"Ci."

"Kin huce?"

"Ban huce ba! Buɗe bakinka."

A waje kan benci, Baba Rwang yake magana, kuma ba ya rage murya.

"Salim, katanga nan nawa ne ko naka? Ni na kawo maka ƙara? Yaro ya yi kuskure, bai gudu ba, ya zo ya hau sama sabida kwano na. Irin shi ne kana kora? Ni da yara na za mu tona saiwa nan, mu gyara katanga. Kai ka gyara naka."

Cokali ya tsaya a hannun Kausar.

Can sai Alhaji ya leƙo ta ƙofa, fuska a murtuke.

"Kai, Lukuman."

"Na'am, Abba."

"In hannun ya warke, ka turo manyanka."

Kausar ta rufe fuska da mayafi.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji Alhaji, yana nuna shi da yatsa. "Ko barkono ka sake dasawa a gidana, sai na karya ɗayan."