Ruwa a Tankin Motar Tumatir

Rana ta ɗaga lokacin da Sufeto Datti ya iso Kadawa a kan babur. Manoma sun kewaye wata babbar mota shaƙe da kwandunan tumatir, kowa na magana.

Tun da gwamnati ta ƙara kuɗin mai, 'yan sari suka daina zuwa, kasuwa ta mutu. Shi ne manoman suka haɗu suka sayi duro biyu na man gas, don su kai kayansu Legas da kansu. Yau an zuba man, mota ta yi tari ta mutu.

"Ruwa ne, ranka ya daɗe!" in ji Baballe direba. "An kwashe mai, an cika mana da ruwa!"

Sufeto ya zura kara cikin duron, ya zaro. Buntun shinkafa ya manne a jiki.

"Wa ke gadin man?"

"Ni ne. Ban motsa ba."

"Ƙarya yake!" wata tsohuwa, Iya Saude, ta katse shi. "Jiya a Bunkure ya wuni, wurin biki."

Baballe ya sunkuyar da kai.

"Iya, ina ake casar shinkafa a nan kusa?"

"Ai duk injina sun tsaya, ɗana, mun koma turmi. Sai na Uba kaɗai. Shi ko kwabo bai ƙara ba, Allah ya yi masa albarka."

Sufeto ya tashi babur, jama'a suka biyo shi da gudu. Tun daga nesa ake jin rurin injin, mata sun yi layi da ƙwarya.

"Malam Uba, ina ka samo mai?"

"Gidan man Kura, jiya."

"Daga can nake. Tun makon jiya famfonsu a bushe yake."

Ya yaye buhunan da ke lungu. Ga jarkoki reras, cike taf.

Uba ya zube ƙasa. "Ni ne, yallaɓai. Da farko na ƙara kuɗi, mata suka gudu. Na rufe, gidana ya rasa tuwo."

"Su kuma masu tumatir ba su da gida?"

Wani kofur da ke tare da Sufeto ya saka masa ankwa. Sufeto ya juya ga manoman.

"Me kuke jira? Ku kwashi manku, ku je ku zubar da ruwan tankin motar!"

Kafin azahar motar ta yi gurnani, Kadawa ta ɗauki ihu. Matan layi kuwa suka ɗora ƙwaryarsu a ka, suka nufi gida wurin turmi.