Hular Malam Mati

Ranar da Safinatu ta fara ganin Sabi'u, yana zaune a bakin kasuwar Gumel, ga kawunan katako jere a rana, ko ɗaya babu hula a kai. Satar babur ce ta kai shi gidan yari, can ya koyo wankin hula. Ya fito da sana'a, amma wa zai bar hularsa a hannun wanda aka taɓa kamawa?

Tausayi ne ya fara shigarta, so ya biyo baya ba sallama. Ta riƙa ɗauko hulunan mahaifinta, Malam Mati, a ɓoye tana kai masa.

"Safina, wannan ai shekaranjiya na wanke ta."

"Sake wankewa, Nawan. Ba na son ganin katakon nan haka."

Da Malam Mati ya gano, sai ya kulle hulunansa a akwati. "Ban hana shi tuba ba," in ji shi, "amma ba da 'yata ba."

Kasuwa ta ƙi sam. Sajo, tsohon abokin ɓarnar Sabi'u, ya fara zarya zuwa rumfar wankin hular. Wata safiya saƙon Sabi'u ya shigo wayarta:

"Safina, na gaji. Sajo ya ce in same shi Maigatari ranar kasuwa, akwai baburan da za a tsallaka iyaka da su. Can ba a tambayar daga ina mutum ya fito. Ki yafe mini."

Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta rubuta: "Ka ba ni yau kaɗai, Nawan."

Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta miƙa masa wayar. "Baba, idan ya koma, mu muka mayar da shi."

Tsohon ya daɗe yana kallon saƙon. Ya amince da auren, amma fuskarsa ba walwala.

Ɗaurin auren bai cika tabarma biyu ba, 'yan uwa duk uzuri ya tashi musu. Safinatu tana leƙe ta taga, zuciyarta a karye. Da aka shafa fatiha, Malam Mati ya cire hularsa a gaban mutane, ya miƙa wa ango.

"Kafin Juma'a nake so. Allah ya yi muku albarka."

Washegari hula ɗaya ta sha rana a rumfar Sabi'u. Sauran kawunan suna nan yadda suke.