Ruwan Radiyater a Gindin Tsamiya

A shekarar da fari ya cinye dabbobi, soji kuma suna riƙe da mulki, Yakuba mai taksi yana komawa gidansa a unguwar Bobiel dab da magariba. Sauri yake kada soji su tsare shi a shinge. Sai allurar zafin inji ta hau ja, tururi ya fara fita ta ƙarƙashin kapo, murfin gaban mota. Ya gangara gindin wata tsamiya ya tsaya.

Kowane direba ya san sai an bar inji ya huce. Amma ina, Yakuba uban gaggawa ne. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe murfin radiyater. Tafasasshen ruwa ya yi tsiri sama, ya sheƙo kan saiwoyin tsamiyar. Ko bismilla bai yi ba, ga magariba ta kawo jiki. Ya ji wani kuka siriri, ya ce a ransa ɗan akuya ne. Ya ƙara ruwa daga bido, jarkar da yake ajewa a mota, ya tafi.

Washegari da faɗuwar rana duwatsu suka fara sauka kan kwanon gidansa. Ya fita, babu kowa, unguwa tsit. Ya ɗauki dutse ɗaya ya yar da sauri, don zafi gare shi kamar daga murhu.

Matarsa Madina ta ƙwala masa kira. "Maigida, zo ka taɓa Raliya!"

Ƴarsu ke nan tilo. Jikinta ya yi rau, fatar hannunta ta ɗuri ruwa, alhali ko kusa da wuta ba ta je ba. Aka ba ta ruwa ta ture. Tsoro ya kama Yakuba.

Aka ɗauko Malam Ɗan'azumi, mai aikin aljanu. Ya daɗe yana karatu a kanta. Can yarinyar ta tashi zaune, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ɗana na kwance a inuwa, ƙishi ya galabaitar da shi. Farin nan mu ma ya ci mu. Wannan ya zo ya ƙona mini shi."

"Bai gan shi ba, baiwar Allah," in ji malam.

"Da ya ambaci Allah, da mun kauce. Ƴarsa zan ɗauka."

Madina ta rushe da kuka. Malam bai ɗaga murya ba. "Ranta ba zai warkar da ɗanki ba. Faɗi abin da zai warkar."

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"Ruwan sanyi. Tulu guda kullum magariba a gindin tsamiyar, da hannunsa, har ruwan sama ya sauka. In ɗana ya tashi, shi ke nan. In bai tashi ba, na san gidan."

Raliya ta yi atishawa ta zube. Da ta farka, ruwa ta nema.

Damina ta zo ta wuce babu ko ɗigo. Kullum Yakuba na bin layin famfo, a rage na girki, a rage na wanka, ya kai tulu gindin tsamiya. Yana zubawa yana kasa kunne, ko zai ji numfashi. Yaron da bai taɓa gani ba, shi yake fara roƙa wa lafiya bayan kowace salla, kafin ya ambaci sunan ƴarsa.