Yanzu Injin Yana Tsayawa

Bayan magariba Gajere, mai injin niƙa a Ibohamane, ya yanke kuran, wato wutar lantarki. Sabon birkin ya kama, moter ya tsaya cak. Bara babu birki. Ko an yanke wuta, moter sai ya yi ta juyawa har ya gaji.

Zai rufe ƙofa ke nan ya ji bel ɗin injin yana motsi a hankali. Wata mace na tsaye gefen injin, ƙwarya a kai.

"Baiwar Allah, mun tashi."

"Gajere, ashe yanzu shina tsayawa?"

Ya haska tocila. Bakin zanenta a yage yake, daidai ƙyallen da ya zaro daga bel bara, ranar da injin ya ja maƙwabciyarsa Lantana har lahira.