Kibiya a Wayar Kawu Haladu

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Sabitu, kife wayar nan a tabarma. Kai ka ce ka gaji da tatsuniya, a ba ku na gaske, to yi bismillah ka saurara. Wanda ya san ba zai iya zagayawa shi kaɗai ba ya tashi tun yanzu, don ni ba na rakiya.

Kun san Kawu Haladu, autan iyayenmu mata. Yanzu kuna ganinsa shiru-shiru, amma da ba haka yake ba. Lokacin da abin nan ya faru malamin dabbobi ne, yana bin ruga-ruga a kan babur yana yi wa shanu allura.

Kakarmu Inna Laure ba ku san ta ba, kuna ƙanana ta rasu. Saura wata biyu ta rasu, Kawu ya tarar da ita tana niƙa tana waƙa, ya laɓe ya ɗauki muryarta a waya. Abin ba shi da tsawo. Waƙar niƙa ce da gurzar dutse, can sai ta farga ta ce, "Kai Auta, me kake nuna min da wannan abu? Tashi ka ba ni wuri." Sai ta yi dariya, shi ke nan. Duk duniya ba inda muryar Inna ta rage sai cikin wayar nan, kuma Kawu yana ji da ita kamar ransa.

Wata rana da bazara ya taso daga ruga, ya biyo ta Mashigin Kanya. Rafi ne da ke ƙafewa da rani, sai yashi fari fat da wata tsohuwar kanya a bakin gaɓa. Rana tsaka ce, injin babur ya ɗau zafi, ya tsaya a inuwa. Ba kowa. Ko kurciya ba ta kuka. Kewa ta taso masa, ya ciro waya ya kunna muryar Inna.

Tana ƙarewa ya ji an ce, "Sannu da hutawa, ɗan Laure."

Wata tsohuwa ce zaune a kan saiwar kanyar, lulluɓe da baƙin zane. Bai ji tahowarta ba. Ya ce, "Yauwa Iya, sannu." Abu ɗaya ya ɗan tsaya masa a rai. Bakinta yana gabansa yana motsi, amma muryar ta bayan kunnensa take fitowa.

"Sake kunna min."

Ya kunna. Ta rufe ido har ta ƙare.

"Tura min."

"Iya, kina da waya ne?"

Ta buɗe tafin hannu. Wani abu ne baƙi mai santsi, ya ɗauka irin ƙananan wayoyin nan ne. Kun san halinmu, ko a tasha wani ya ce tura min karatun nan, turawa ake yi, balle tsohuwa da ta san sunan mahaifiyarka. Ya kunna bulutut. Saƙo ya fito ana neman haɗawa da wayarsa, amma inda suna ya kamata ya fito babu komai, fili ne kawai. Ya danna ya amince. Ya tura, ta ƙi tafiya. Ya sake, ta ƙi.

"Bar shi," in ji ta. "Na kama igiyar."

Ya sunkuya ya sa waya a aljihu. Da ya ɗago, saiwa kawai ya gani. Ya dubi yashi. Ga sawun tayarsa, ga sawun takalminsa, ba na uku. Bai san lokacin da ya tayar da babur ba.

Washegari ya ga kibiyar. 'Yar ƙarama ce, fara, a gefen gilashin wayar. Ya goge da bakin riga, tana nan. Ya kai yatsa, ta matsa. Rana na yin tsaka sai ta kama tafiya a hankali, ta buɗe inda ake ajiye muryoyi, ta danna ta Inna. Wayar na kan tebur, hannayen Kawu na cikin kwanon abinci.

Ya kai ta kasuwa wurin Mati mai gyaran waya. Mati ya duba ya yi dariya.

"Malam, wannan ai ba komai ba ne. Kibiyar linzamin kwamfuta ce. Ba ta fitowa a waya sai an haɗa ta da linzami, wani yana riƙe da shi yana juyawa. Yanzu zan raba su."

Ya shiga saitin, ya sami layin nan marar suna da Kawu ya amince wa a bulutut. Ya kai yatsa zai cire, kibiyar ta riga shi, ta rufe shafin. Sau uku ana haka. Ya kashe bulutut, tana nan. Ya kashe wayar ɗungurungum, gilashi ya yi baƙi ƙirin, ita kuwa tana nan fara tas a tsakiya.

Dariyar Mati ta ɗauke. Ya rage murya.

"Malam, linzamin nan ba ya aiki daga nesa."

"Kamar yaya?"

"In ya yi nisa, taku goma."

Suka waiga tare. Su biyu ne a shagon, sai benci na masu jira. Ƙudaje sun baibaye bencin, ban da gefe ɗaya, daidai wurin zaman mutum guda.

Jummala, sakar min zane, ba a kai wurin tsoron ba tukuna.

Mati ya ce magani ɗaya ne, a yi wa wayar filashin, wato a share duk abin da ke ciki. Kawu ya ce a fara kwafe masa muryar Inna. Mati ya jona waya da kwamfutarsa ya kwafa. Tana sauka, sai ga kibiya ta biyu a fuskar kwamfutar, kusa da tasa. Ya yi maza ya goge abin da ya kwafa, ta biyun ta ɓace.

"Inda muryar ta je, nan take bi," in ji shi. "Ko a share, ko ka ɗauki wayarka. Don Allah Malam, ina da iyali."

Kawu ya ɗauki wayarsa. A nan ya yi kuskure, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ya ce a ransa, ai ba abin da take yi sai sauraro sau ɗaya a rana, ni ma ina ji tare da ita. Yana karanta Ayatul Kursiyyu safe da yamma, bai faɗa wa kowa a gida ba. Aka yi sati biyu a haka.

To, kun san Ummi, 'yarsa, wadda ya sa wa sunan Inna. Lokacin shekararta huɗu. Ran nan da rana tsaka tana wasa a tsakar gida, wayar ta kunna kanta kamar kullum. Da aka zo wurin "Tashi ka ba ni wuri," abin ya ba Ummi dariya, ta ƙyalƙyale. Dariyarta ta haɗu da ta Inna, ba mai iya raba su. Jini ba ya ƙarya.

Muryar ta tsaya cak. Kawu yana kallo kibiyar ta fita daga wurin, ta buɗe hotuna, ta wuce na shanu, ta wuce na biki, ta tsaya a kan hoton Ummi. Ta gangara daga goshi zuwa baki, daga baki zuwa maƙogwaro. Nan ta zauna.

Da safe Ummi ta tashi murya a dishe. Aka ce mura ce. Kwana uku sai raɗa. Ranar na biyar ta zo ta kama gwiwar ubanta, bakinta yana cewa Baba, ba abin da ke fita. An je asibiti, an leƙa maƙogwaro, ba a ga komai ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Yarinya tana ci tana sha, sai dai in ta yi kuka hawaye ne kawai.

A daren nan Kawu ya fasa ƙwai, ya faɗa wa matarsa Baraka da Mama, mahaifiyata, wadda take yayarsa. Baraka ta ce, "Kusan sati uku kana ɓoye min? Gobe ka kai wayar a share ta, ko ni in jefa ta a murhu."

Mama ta ce, "A'a. Ku tsaya." Ta dubi ƙaninta. "Auta, yanzu tsohuwar nan murya biyu take da su, ta waya da ta yarinya. In ka share ta waya, wacce ta rage mata?"



"Wanda ya zo neman abu ba a korarsa hannu rabbana," in ji Mama. "Ka koma inda kuka haɗu, ka ba ta abin da ta roƙa tun farko."

Kashegari ya hau babur shi kaɗai. Rana na take tsaka ya isa Mashigin Kanya. Yana kashe inji ya ji bayan babur ya ɗago, irin yadda yake yi in wanda ka goyo ya sauka. Bai waiga ba. Da ya ɗaga kai, tsohuwar tana kan saiwa.

"Iya, na kawo miki. Ki sakar min 'ya."

"Ta yarinyar sabuwa ce," in ji muryar a bayan kunnensa. "Za ta daɗe."

"Ba ita kika sani ba."

Ta ce, "Shekara arba'in Laure tana ratsa nan da tallan gari, tana waƙa. Ban taɓa tare ta ba. Rana ɗaya wurin ya yi shiru. Ba wanda ya zo ya faɗa min."

Kawu ya ce a lokacin tsoron ya ɗan sake shi, tausayi ya shigo, don shi ma ya san wannan shirun.

"To ga tata, ki karɓa."

"Rannan ma ka tura, ba ta zo ba. Hannunka ya bayar, zuciyarka ta riƙe."

"Yanzu me kike so?"

"Duka. Da ta cikin wayar, da ta cikin kanka."

Ya dubi wayar. Sannan ya ce, "Ki bar ni in ji sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai. Ya kunna da hannunsa. Ya ji gurzar dutse, ya ji waƙa, ya ji an kira shi Auta, ya ji dariya. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Sai ya tuna bakin Ummi yana motsi a kan gwiwarsa, ya ce bismillah, ya danna.

Wannan karon ta tafi. Kibiyar ta sauka daga hoton Ummi, ta ja jiki zuwa gefen gilashi, ta fice. Layin nan marar suna ya ɓace, muryar Inna ma babu ita a wayar. Saiwar kanya ba kowa.

Tun daga bakin layi ya jiyo Ummi tana ihu a zaure, "Baba ya dawo! Baba ya dawo!" Ya jingine babur ya ɗauke ta, ya ce ta sake faɗa, ta sake, har ta gaji ta ce ya sauke ta.

Sai da ya zauna ya nemi muryar Inna a ransa. Kalmomin suna nan, ya san ta ce tashi ka ba ni wuri. Amma sautin babu. Fuskarta yana gani sarai, bakin yana motsi, shiru. Ko dariyar Ummi in ya ji, dariyar Ummi ce kawai. Bai yi ƙorafi ga kowa ba, sai dai tun daga nan maganarsa ta ragu.

Sabitu, na ga kana murmushi, kana cewa Yaya Uwani ce ta shirya. To saurari wannan, daga bakin Mama na ji.

Bayan shekara biyu aka yi rasuwa a wani ƙauye, Kawu ya goya Mama a babur za su ta'aziyya. Ruwan bara ya cinye babbar hanya ba a gyara ba, dole suka bi ta Mashigin Kanya, kuma tsakar rana ta riske su a can. Suna shiga yashin Mama ta ji gurzar dutse. Ba gida, ba bukka, ba kowa. Sai waƙa ta taso daga gindin kanyar. Mama ta ce hawaye ya ɓalle mata, don muryar uwarta ce, ba ko tantama. Can aka ce, "Kai Auta, me kake nuna min da wannan abu?" Aka yi dariya.

Kawu ya rage gudu, ya karkata kunne.

"Yaya, kin ji wata baiwar Allah mai daɗin murya? Allah sarki, ashe ita ma tana da auta."

Mama ta cusa fuska a mayafi ta ce, "Ja mu tafi, mun makara."

Har yau ba ta faɗa masa ba, kuma duk wanda ya faɗa masa a cikinku, ni da shi ne. Mashigin Kanya kuwa, kada ƙafar ɗayanku ta taka shi shi kaɗai, musamman in rana ta raba tsaka. In kuma ƙaddara ta kai ka, ka ji tsohuwa tana waƙar niƙa, kada ka tsaya, kada ka amsa, kada ka yi dariya. Ku jikokinta ne, ba ku san a bakin wa Inna ta bar sauran muryarta ba.

Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta.